Rabin Cokalin Farar Toka

Litinin, 5 ga Mayu

Gwiwar hagu ta sake kumbura. Na hau benen ɗakin gwaji ina ƙirga matakala kamar kullum, ashirin da biyu ne, na tsaya a ta sha huɗu na huta. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina hawan benen nan da makullai a hannu. Saura shekara biyu in miƙa su, in da rai.

Auta ce ta saya mini littafin nan. Wai in riƙa zuba damuwata a takarda, maimakon in tare ta a ƙofa da ita tana dawowa daga aikin asibiti a jigace. “Mama, ki rubuta, in kin gama ki ba ni taƙaitawa.” Yarinyar nan ba ta da kunya. To ga shi ina rubutawa.

Ba wani abu yau. Na wanke kwalabe, na jera, na kulle. Yara suna ce mini Inna Makulli, kuma ba su yi ƙarya ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Yau 'yan aji biyar suka ƙona maganiziyam. Gwaji ne da zan iya shirya shi ido rufe. Ƙaramin kaskon tangaran mai murfi, sai siririn ƙarfen nan mai kama da kirtani, a goge shi da sanfefa, a naɗe, a auna, a ɗora a wutar gas. In ya ƙone ya zama toka, tokar ta kan fi ƙarfen nauyi, don ya haɗiyi oksijin daga iska. A sikelinmu, ashirin da huɗu na ƙarfe ya kamata ya ba da arba'in na toka. Haka littafi ya ce, haka kuma rajistar ɗakin nan ta nuna duk zamanin Baba Malam, shekara bayan shekara.

Sabuwar Malama, wadda aka kawo da Baba Malam ya yi ritaya, ta bi takardarsa da ke manne a bango layi-layi, har da dokarsa ta jan biro: BA A ƊAGA MURFI. Abu ɗaya kawai ta canza. Na ɗauko tire zan kwashe kasaken in kai ɗakin ciki su huce a bakin taga yadda aka saba, sai ta ce, “A'a Inna, bar su nan su huce a gaban masu su.”

Na ajiye tiren na ce to.

Talatin da shida. Talatin da biyar. Talatin da bakwai. Rukuni goma sha biyu, ba wanda ya kai arba'in. Ta sa su sake aunawa har sau uku, dama yara sun riga sun raɗa mata suna Sake-auna. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa, hannuna cikin aljihun rigar aiki, riƙe da ɗan cokalin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Bari in rubuta, tunda takarda ce.

A ɗakin ciki, bayan kwalaben da aka daina amfani da su, akwai wata kwalba ruwan ƙasa, ba a rubuta komai a jikinta ba. Farar hoda ce a ciki, tokar maganiziyam tsantsa, ta saye. A shekarata ta biyu Baba Malam ya nuna mini ita. Ya ce, “'Yar nan, hayaƙi ne yake sace mana nauyi. Abin da ya ɗauka za mu mayar, kada yara su tafi gida suna zaton littafi ƙarya yake yi.” Rabin ɗan cokali a kowane kasko, lokacin da suke hucewa a bakin taga. Hannuna ya saba har ba na kuskure.

Ban taɓa tambayarsa komai ba. Mutumin da ya ɗauke ni daga shara ya ba ni makulli, lokacin da baban su Auta ya rasu ya bar ni da uku. Shi ya koya mini karanta sunayen kwalabe, harafi-harafi, da haƙuri. In ya ce hayaƙi ne, to hayaƙi ne.

Dokar murfin ma da dalilinta. Kafin zuwana wata ɗaliba ta ɗaga murfi ta leƙa, tartsatsi ya same ta a ido. An yi ta faman asibiti. Tun daga ranar ya rantse ba za a sake buɗe kasko a kan wuta a ɗakinsa ba.

Ban ɗauki abin a matsayin ha'inci ba. Yau ne da na rubuta shi na ga bai yi kyan gani ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, nan na san ba lafiya.

Malama ta rubuta rahoto. Hanyar gwaji ba ta canza ba, in ji ta, ita ce dai ta shekara ashirin, kuma da tana ba da sakamako daidai. Saboda haka ko dai ƙarfen ya lalace a ajiya, ko sikeli ya rasa kulawa. Duka biyun a hannuna suke. Ban ga laifinta ba, ko ni ce haka zan lissafa.

Ya ce masu jarrabawa daga waje za su zo wata mai kamawa, kuma makarantar nan da gwajin nan aka san ta. Za a maimaita ranar Alhamis ta sama, ashirin da biyu ga wata, a gabansa. In bai fita ba, za a mayar da ni siton littattafai na ƙasan bene, a kawo mai takardar shaida ya riƙe ɗakin gwaji. Kuma dole a rubuta dalili a fayil ɗina.

Na ce, “Yallaɓai, wane dalili?”

Ya juya biro a hannu. “Sakaci, Inna. Amma kalma ce kawai, ba korar ki za a yi ba.”

Kalma ce kawai. Shekara ashirin da ɗaya ban fasa ko kwalba biyar ba. Na yi masa godiya na fito, ban san ma godiyar me na yi ba.

Talata, 13 ga Mayu

Ban yi wa kowa magana ba yau, ban da gaisuwa.

Laraba, 14 ga Mayu

Bayan an tashi Malama ta ce in tsaya. Muka gwada sikeli da ƙarafan awo ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsa lau, ko gashi bai karkata ba. Ta sa na buɗe sabon naɗin maganiziyam da ba a taɓa ba, ta goge da kanta, ta ƙona da kanta, murfi a rufe yadda takarda ta ce. Talatin da shida.

Ta zauna kan kujerar yara ta dafe kai. “Inna, to me nake yi ba daidai ba?”

Na ce Allah kaɗai ya sani.

Na so in tsane ta, da ya fi mini sauƙi. Amma yarinya ce sa'ar babbar 'yata, tana da goyo, mota biyu take hawa kafin ta iso, aji ɗaya yara sittin. A tsaye take cin biskit da rana tana makin takardu. Yau na ga rigarta da tabon nono a kafaɗa, ba ta ma sani ba. Na miƙa mata tsumma mai tsabta.

Alhamis, 15 ga Mayu

Wanke-wanke. Na jiƙa kaskon jiya a famfo, sai zarnin nan ya taso, mai shiga hanci ya sa ƙwalla, kamar na banɗakin da aka kwana biyu ba a wanke ba. Ba baƙona ba ne. Duk ranar ƙonon maganiziyam sai na sha shi. Sau ɗaya na taɓa gaya wa Baba Malam, ya ce magudanar ce ta toshe, in zuba ruwan zafi. Na zuba ruwan zafi shekara ashirin.

Amma yau na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tokar ba fara ce duka ba. Sama-sama fara, can ƙasa kuwa rawaya-rawaya, har da ɗan kore. Na tsaya ina kallo da soso a hannu, ina mamakin yadda ban taɓa gani ba. Sai na tuna ai kullum da farar hodata a kai nake ganin ta.

Bayana yana ciwo. Na manta laima a ɗakin malamai, ruwa ya dake ni daga bakin titi har gida.

Asabar, 17 ga Mayu

Na gaya wa Auta komai muna shanya. Ta tsaya riƙe da zanen gado. Ta ce, “Mama, ke? Ke da kika zane ni don na leƙa takardar ƙawata a aji uku?”

Na ce ta rage murya, akwai maƙwabta.

Da ta gama dariyarta mai ban haushi, ta zauna kan bokiti ta ce, ga hanya uku. In samu dabara in zuba hodar ranar Alhamis, kowa ya huta. Ko in faɗi gaskiya, in tona asirin tsohon da ke kwance ba lafiya. Ko in yi shiru in karɓi sito. “Siton ma ai ba bene, Mama. Gwiwarki za ta sa miki albarka.”

Abin kunya, na ukun ne ya fi kwanta mini. In zauna cikin ƙurar littattafai shekara biyu, ba wanda zai tambaye ni komai. Na gaji, wallahi na gaji. Kalmar nan ta fayil ce kawai ta tsaya mini a wuya.

Litinin, 19 ga Mayu

Lokacin hutun tara na kulle ƙofa ta ciki na yi wani shirme. Kasko uku. Na farko wankakke, na ɗiga masa ruwa, ba wari. Na biyu na sa hodar kwalbar Baba Malam na ɗiga ruwa, ba wari. Na uku na ƙona guntun ƙarfe, murfi a rufe, ya huce, na ɗiga ruwa. Har ya yi ɗan cuu, zarnin ya buge ni na ja da baya.

Ko kusa da famfo ban je ba. Ashe magudanar ba ta da laifi, an yi ta ɗora mata sharri.

Ke nan tokar kasko da hodar kwalba ba abu ɗaya ba ne. Iyakar abin da kaina ya iya kaiwa ke nan. Ni da ban gama sakandare ba, wai ina gwaji a ɓoye kamar mai satar nama a tukunya.

Talata, 20 ga Mayu

Na buɗe baki zan gaya mata maganar warin, sai wani rukuni ya kifar da kwalbar ruwan gishiri, ta hau su da faɗa. Na je na ɗauko tsumma. Da ma in na fara da wari, ina zan tsaya?

Laraba, 21 ga Mayu

Na jera kasake shida na gobe. Na ɗauko kwalbar na mayar, na sake ɗaukowa. Tana cikin aljihun rigar aikina yanzu. Ban yanke komai ba, na dai ajiye ta kusa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Sai na rubuta wannan kafin in manta yadda ya bi.

Rukuni shida aka zaɓa. Shugaba ya zo ya tsaya a baya da hannu a aljihu, an auna, an rufe, an ƙona. Ana sauke kasake aka kaɗa ƙararrawar tara. Ya ce yara su fita, zai dawo in sun huce a auna a gabansa. Yana fita wayar Malama ta yi ƙara, mai renon ɗanta ce, wai jikinsa da zafi. Ta ce, “Inna, kula mini da su,” ta fita baranda.

Ni kaɗai da kasko shida. Kwalba a aljihun dama, cokali a na hagu. Ko minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba. Ina jin muryarta ta taga tana cewa a jiƙa tsumma a goga masa a goshi.

Na ɗaga murfin na farko. Na fito da cokalin ma, kada in yi wa takarda ƙarya. Sai na ga rawayar nan a ƙasan tokar tana kallona. Abin da ya zo mini ba tsoron Allah ba ne, ban kai nan ba. Haushi ne. Shekara ashirin ina shaƙar abu, ban san mene ne ba, kuma in na rufe shi yau, zan mutu ban sani ba.

Na mayar da cokali. Na ɗebo ruwa a bututun ɗigo na zuba uku a ciki.

Ta shigo daidai lokacin. Fuskarta ta canza. “Inna, me kika yi? Kin ɓata shi, ba a auna ba.”

Na ce, “Malama, sunkuya ki shinshina.”

Ta kalle ni kamar na taɓu, amma ta sunkuya. Ta ɗago da sauri tana murza hanci. Ta sake sunkuyawa. Ta ce in miƙo mata jar takardar gwaji, ta jiƙa ta, ta riƙe a bakin kaskon, muna kallo ta koma shuɗiya.

“Amoniya,” in ji ta, a hankali. “Tun yaushe kike jin wannan?”

“Tun kina firamare.”

Ta zauna. Ta ce ta karanta shi a jami'a, layi biyu ne, ta haddace ta ci jarrabawa ta manta, don ba ta taɓa wanke kasko da hannunta ba. Sai ta ɗauki alli ta yi mini bayani a kan tebur, ni kaɗai, kamar ni ce ajin. Ga abin da na riƙe.

In aka kasa iska kashi biyar, oksijin kashi ɗaya ne kawai, kusan duk sauran naitirojin ne. Shi naitirojin ba ya shiga harkar kowa, ƙwayoyinsa bibbiyu suke riƙe da juna ƙam, yawancin ƙarafa ba sa iya raba su, shi ya sa oksijin suke kamawa. Amma maganiziyam in ya kama da wuta, zafinsa ya isa ya raba su, kuma ƙwayarsa ƙarama ce mai ƙarfin riƙo, in ta kama naitirojin ba ta saki. Da murfi a buɗe, oksijin zai fi ci. Da muka rufe, ɗan oksijin ɗin ciki ya ƙare nan da nan, wanda ke shigowa ta gefen murfi bai isa ba, ƙarfen kuwa yana kan ci. Sai ya juya kan abin da ya cika kaskon. Rawayar nan ita ce haɗinsu. Ba ta kai tokar oksijin nauyi ba, shi ne huɗun da muke nema. In ruwa ya taɓa ta, naitirojin ɗin ya fita a matsayin wannan zarnin.

Na ce, “Ke nan ba hayaƙi ba ne.”

Ta ce, “Hayaƙi na iya ɗaukar kaɗan. Amma ba wannan ba.”

Da yara da Shugaba suka dawo, ta sa aka auna biyar ɗin da ban taɓa ba. Talatin da shida, da biyar, kamar kullum. Shugaba ya fara gyaran murya. Ta ce ya ba ta minti ashirin. Kowane rukuni ya ɗiga ruwa, ajin ya ɗauki wari, yara suna toshe hanci suna zargin juna. Aka mayar kan wuta a hankali har ya bushe, aka ƙara wuta, tokar ta yi fari fat. Aka jira ta huce.

Arba'in. Talatin da tara. Arba'in. Ba cokali.

Na fita baranda na tsaya ina kallon filin ƙwallo, don kada yara su ga idona. Shugaba ya ce madalla, ya ce dama ya san za a gano, ya tafi.

Da ɗaki ya watse ina tattara awartaki, ta tsaya gaban rajista tana buɗe shafukan baya. Na san me ke zuwa, har na ji sauƙi da ya zo.

“Inna, in murfi a rufe yake duk shekarun nan, ta yaya ake samun arba'in?”

Na fito da kwalbar da cokalin na ajiye mata a kan rajistar. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta tambaya yara nawa. Na ce ban ƙirga ba. Ta ɗauki jakarta ta ce ɗanta ba lafiya, sai gobe.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ta amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Na tambayi jikin yaron, ta ce da sauƙi. Kwalbar ba ta kan tebur, ban tambaya ba.

Ina ga siton ne dai, kuma kalmar da za a rubuta yanzu ta fi sakaci muni.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je duba Baba Malam. Ya rame, hannun dama ba ya ɗaguwa tun ciwon bara. Maiɗakinsa ta tayar da shi zaune ta sa masa filo, ta ba mu wuri.

Na yi niyyar in ba shi labarin kamar albishir, in ce Baba, an gano ɓarawon nauyinmu. Na fara da wari, da rawaya, da takardar da ta koma shuɗiya. Ban kai ƙarshe ba ya ce, “Naitirojin.”

Na ɗago na dube shi.

“Na sani, 'yar nan. Tun ranar da kika gaya mini warin na sani.”

Na ce, “Baba, ka ce mini magudana ce.”

Ya ce ɗiga ruwa da sake ƙonawa na bukatar rabin sa'a da ba ta cikin jadawali, da gas da kullum ake ce masa ya ƙare. Buɗe murfi kuwa, bayan idon yarinyar nan, ba zai iya ba. Ya ce shekarar farko ya yi niyyar gyarawa in an shiga sabon zango. “Na gaji ne. Cokalin ya fi sauƙi. Kullum ina cewa baɗi.”

Da faɗa ya yi mini, ko ya musa, da na san yadda zan yi da shi. Na gaji ne. Maganar da nake faɗa wa Auta kullum, da irin muryar da nake faɗarta.

Da zan tafi ya riƙe gefen mayafina da hannun hagu ya ce, “Nawa ya bayar?” Na ce arba'in. Ya ce, “Da kansa?” Na ce da kansa. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ban iya ce masa na yafe ba, bai kuma nema ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi na fito.

Talata, 27 ga Mayu

Malama ta kira ni ɗakin ciki. Kwalbar tana kan kanta ta gaba, an manna mata takarda da sunanta da manyan baƙaƙe, tsakanin sauran 'yan'uwanta. Ta ce ta gaya wa Shugaba komai, ba ta iya ɓoyewa. Shi kuma ya ce ba ya son abin da zai tayar da ƙura ana gab da jarrabawa, a rubuta cewa kuskuren na hanyar gwaji ne, an gyara. Makullai suna nan a hannuna.

“Ban huce ba tukuna, Inna,” in ji ta. “Amma kina da cokali a hannu kika zaɓi ruwa. Na gan ki ta taga.”

Ashe ta gani.

Sharaɗinta ɗaya. Ranar Alhamis 'yan ɗaya ajin za su yi nasu, ni zan tsaya a gaba in nuna musu rawayar da warin. Na ce ni ba malama ba ce. Ta ce ita ma ba ta san warin ba sai da na koya mata, kada in ɓata mata lokaci.

Mun cire takardar bango. Na ninke ta na sa a jakata, ban iya jefa ta a kwandon shara ba. Sabuwar ta ce a ɗan ɗaga murfi da awartaki lokaci-lokaci, fuska a nesa, tabarau a ido.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na yi. Da farko na ce naitirojin ba daidai ba, suka yi dariya, na ce duk wanda ya sake dariya shi zai fara shinshinawa. Wata mai tabarau a layin gaba ta tambaye ni ko akwai ƙarfen da ke kama naitirojin ba tare da wuta ba. Na ce ban sani ba, a tambayi Malama. Ta ce akwai, litiyam, wanda muke ajiyewa cikin mai a kwalbar sama, shi ya sa yake yin baƙi in an bar shi a iska. Shekara nawa ina goge ƙurar kwalbar nan.

Na rubuta sunan a bayan littafin nan. Don kada in manta ne kawai.

Litinin, 2 ga Yuni

Na riga mai gadi isa ƙofar bene yau, sai da na jira shi. Ba wani dalili, motar ce ta zo da wuri.

Malama ta bar mini wani tsohon littafinta na jami'a a kan kanta, ta sa takarda a wani shafi. Na ce mata idona ba ya ganin ƙananan rubutu, ba kuma ni da lokaci. Yana cikin jakata. Auta ta gan shi ta buɗe baki, na ce in ta ce tak za ta kwana da yunwa.

Har yanzu a gajiye nake, kada takarda ta ɗauka wani abu ya canza. Sai da na sa makulli a ƙofa na tuna ban tsaya a ta sha huɗu ba. Maganin shafawar da Auta ta kawo ne, ina jin ya fara aiki.